Marin da Goggo Ta Yi Mini

Allah ne ya ba mu ita, kuma ya karɓi abarsa ranar wata Laraba da hantsi, lokacin da dawa ta fara fitar da kai. Goggona nake nufi, yayar Baba, ungozomar ƙauyenmu da ke gefen Bungudu. Yau kwana hamsin da wani abu ke nan, kuma in ban rubuta ba, abin da aka yi ta raɗawa a zaman makokinta shi zai zama labarinta.

Mata sun zo, ba zan yi musu ƙarya ba. Sun zo daga Wanke da Ruwan Bore, dangin marigayi mijinta kuma sun ciko mota daga Tsafe. Sai dai duk sun taru can gindin rumbu, aka bar tabarmin da muka shimfiɗa a ƙofar ɗakinta babu kowa sai kaji. Na cika randa da safe, har la'asar ruwan bai ragu ba, moɗa tana rataye inda na bar ta. Wata ma da butarta ta zo, ɓoye cikin mayafi. Ran sadakar uku an karɓi gumba da hannu biyu, an shafa fatiha, da yamma na tarar da ita a bayan danga awaki suna ci.

Na ji wata tana ce wa ta kusa da ita, "Ni abin da ya ɗaure mini kai, tsohuwa da ita, mijinta ya fi shekara ashirin a ƙasa. Ina ta samo ƙanjamau?"

"Ke dai bari. Allah shi ya san na ɓoye."

"Awo. Mu dai carbi munka gani."

Wadda ta yi maganar carbin, yaron da ke goye a bayanta a hannun Goggo ya faɗo, jiki sake, ba motsi, kuma da bakin Goggo ya fara numfashi.

Ina zaune a bakin ƙofar Goggo ina shafa dasashina da harshe, sama da ƙasa, ina neman inda ya tsage. Akwai tsoron da ni da ita kaɗai muka sani. Wata goma sha huɗu kafin rasuwarta na sa bakina inda ta hana ni, kuma tun daga ranar ban san ko cutar da ta kashe ta tana cikin jinina ba.

Gajera ce Goggo, mai faɗin kafaɗa, tafiyarta kullum kamar ta bar tukunya a kan wuta. Haƙoranta jawur da goro da furen taba, abin da take taƙama da shi tun tana budurwa. Haihuwarta huɗu, babu wanda ya kai yaye, saboda haka duk yaron da ta yanke wa cibiya "ɗan hannuna" take ce masa, ko da ya yi gemu. In mai naƙuda ta cika ihu sai ta ce, "Yi kukanki, ɗiyata, amma ki rage mini ƙarfin, zan buƙace shi an jima." In maigida ya dinga leƙe daga zaure sai ta ɗaga murya, "Malam, tafi ka faso itacen wankan jego, nan ba a neman mai hula." Ba ta cin abinci a gidan haihuwa sai mai jego ta sha kunun kanwa a gabanta.

Abin da ya fitar da sunanta har Tsafe shi ne bakinta. Idan jariri ya fito shiru, ba ta jira. Takan kifa bakinta a kan hancinsa da bakinsa, ta tsotso majina da jini da ruwan haihuwa, ta tofar a kasko, ta sake, har sai ya tsala kuka. A wurin kakarta ta koya. Mutane na cewa bakin Goggo na da albarka, ita ma ta yarda.

Shekara guda bayan an ba mu jiha, na gama sakandare a Gusau na dawo gida. Sai aka kira ungozomomin ƙauyuka horo na kwana uku a wani asibiti a Gusau. Goggo ta ce da Baba, "Ara mini ɗiyarka ta riƙe mini boko." Haka na zama mai ɗaukar mata jaka.

Wata nas ce ta koyar, siririya mai haƙuri. Rana ta biyu ta ce kowa ta mintsini bayan hannunta. Aka yi. Ta ce to kowa ta sa harshe ta shafi cikin kumatunta. Tsofaffi suka yi ta dariya, amma sun yi.

"Iri ɗaya ne?" in ji nas.

Goggo ta ce, "Ina! Na waje katanga ce, na ciki zana."

Nas ta tafa hannu ta ce ta rantse ba ta taɓa jin wanda ya faɗe shi daidai haka ba. Ta ce fatar waje busasshiya ce mai kauri, in dai ba ta tsage ba, jinin mai ƙanjamau ko ya zuba a kanta ƙwayar cutar ba ta da hanya. Amma cikin baki, da cikin ido, da gaban mace da na namiji, da dubura, tantani ne mai laushi mai danshi, kuma dab da bayansa ƙwayoyin da ke tsaron jiki suke zaune. Shi ma yana tarewa, ba kowane karo cutar ke ƙetarewa ba, yawu ma yana rage mata ƙarfi. Sai dai in akwai gyambo, ko 'yar tsaga da ido ba ya gani, ko kumburi, hanya ta samu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na masu gadi. Ta ce a jikin tantanin akwai wasu ƙwayoyi da aikinsu ke nan su cafke duk baƙon abu, su ɗauke shi zuwa kaluluwa, inda fararen ƙwayoyin jini suke taruwa, su nuna musu shi don a san abokin gaba. Ga sauran cututtuka dabarar tana aiki. Ita wannan kuwa fararen ƙwayoyin take nema da ma. Mai gadi ne da kansa yake ɗaukarta ya kai ta tsakiyar waɗanda ta zo ci.

Goggo ta ɗaga hannu kamar 'yar aji ɗaya.

"'Yar nan, in mutum ya shekara talatin yana tsotse majinar jarirai fa?"

Nas ta zo gabanta, ta roƙe ta ta buɗe baki, ta goga farar auduga a dasashinta. Audugar ta fito ja.

Goggo ta ce, "Fure ne."

Nas ta ce a hankali, "Inna, rabi fure ne."

Jan da take ado da shi ne ya ɓoye mata jinin dasashinta shekara da shekaru. Ta dubi audugar, ta dubi tafin hannunta da sussuka da sabulun toka suka farfasa.

An raba musu safar hannu da sabbin reza da wata 'yar roba mai dogon baki da ake matsawa ta zuƙo majinar jariri. Goggo ta sa mata suna albasa. A motar dawowa ta sa ni na karanta mata takardar da aka ba mu, ina mayar mata da Hausa. Na zo inda aka ce ƙwayar cutar ba kowace ƙwayar jiki take iya shiga ba. Tana da wasu ƙusoshi a bayanta, sai ta tarar da ƙwayar da ke da mariƙin da ya dace da su, ta maƙale, ta kama wani na biyu a gefensa, sannan fatarta ta narke cikin ta ƙwayar, ta juye abin cikinta. Na rasa yadda zan faɗi sauran. Na ce, "Goggo, kamar wani ya saci littafina ne ya liƙa shafinsa a tsakiya. Duk ranar da na zauna kwafa, har nasa zan kwafa, ban sani ba. Ƙwayar jikin mutum da kanta za ta koma tana ƙera sababbin cutar har ta mutu."

Ta juya tana kallon gonaki ta taga. Can ta nuna wata gonar dawa da ta yi ja-ja da furen ƙuduji.

"Ga ta can," in ji ta. "Ƙuduji bai kama gyaɗa, saiwar dawa yake nema. Yana ƙasa yana sha, dawa na tsaye kore shar, mai gona na murna. Ran da ka ga fure, an gama."

Wani dattijo a gaba ya juyo ya ce, "Hajiya, ai taki ne maganinsa." Ta ce, "Allah ya sa, Malam." Ba ta yi dariya ba.

Daga nan ta canza, kuma ba a so canjin ba. Rigimar da ba zan manta ba a ruga aka yi ta, bayan gari. Wata dattijuwar Bafillatana, ƙawarta ta shekaru wadda ke aiko mata da man shanu duk kaka, ta kira ta surukarta na naƙuda. Goggo ta zauna ta fara zura safar hannu. Dattijuwar ta tsaya a kanta.

"Mi ke nan? Yau mu kike ƙyama? Da wanga hannu kinka karɓi ɗiyana bakwai, ba ki sa masa riga ba!"

"Ba ke nike ƙyama ba."

"To wa? Mun zama kutare?"

"Hannun nan gida nawa yake shiga? Kin san abin da zai ɗauko wani gida ya kawo naki? Kin san abin da ke jikina ni kaina?"

"Ni dai na san boko ya shiga kanki da tsufa."

An yi haihuwa lafiya, amma man shanu bai ƙara zuwa ba. Gidaje da yawa suka koma kiran wata. Goggo ba ta cire safar ba. Ni kuwa kullum gargaɗi ɗaya take mini: "Hannunki da safa, bakinki a rufe. Ko ni na faɗi matacciya a wurin, ba ki sa baki."

Ranar da na saɓa mata, bayan azahar ne, ana yayyafi. Wata yarinya ce ke naƙuda a bayan masallaci, mijinta ya rasu tana da ciki wata huɗu, bayan doguwar jinya da aka ce ciwon shawara ne. Da safe na dafa albasa a ruwan zafi kamar yadda aka koya mana, na kife ta a faifai ta bushe. Da aka zo kira muka fita a guje, na ɗauki jaka, na bar ta a kan faifai.

Jaririya ta fito shiru. A lokacin kuma jini ya ɓalle wa uwar, Goggo ta danne mata mara da hannu biyu, ba halin ta saki.

"Albasa!" ta ce.

Na zazzage jaka. Babu.

Ban yi tunani ba, wallahi ban yi ba. Abin da na tashi ina gani shi jikina ya yi. Na kifa bakina a fuskar jaririyar na tsotsa. Na ji gishiri-gishiri da ƙarni, na tofar, na sake. A karo na uku ta callara kuka. Matan da ke ƙofa suka rangaɗa guɗa, wata ta ce, "Gado! Albarkar ta sauka kan ɗiyar ƙanenta!"

Sai da Goggo ta tsayar da jinin, ta gyara mai jego, ta cire safa, ta wanke hannu da sabulu har gwiwa, sannan ta ja ni bayan ɗaki ta kwaɗa mini mari. Tunda nake ba ta taɓa dukana ba. Ko cikin wannan fushin ba ta yarda ta taɓa fuskata da hannu mai jini ba.

Ta sa na kurkure baki da ruwan gishiri har na rasa sau nawa. Ta juya ni wajen haske, ta ɗaga leɓena kamar mai duba haƙoran akuya a kasuwa, ta goga gefen farin kallabinta a dasashina. Bai fito da ja ba.

"Kin yi asuwaki yau?"

"Na yi, da safe."

"Ya yi jini?"

"Ban lura ba, Goggo."

Ta zauna a kan turmi ta rufe fuska. Wannan tambaya ita nake kwana da ita nake tashi da ita. Na yi ta ƙoƙarin tuna launin asuwakin nan, wani lokaci in gan shi fari, wani lokaci ja.

Bayan wata uku uwar jaririyar ta bi mijinta, ta rame har zobe ya faɗi daga yatsanta. Ranar Goggo ta ce in shirya mu je Gusau a auna jininmu. Na ce sai an gama girbi. Da aka gama na ce sai bayan salla. Ta tafi ita kaɗai. Da ta dawo ta kira ni da Baba ɗakinta ta faɗa mana tana ɗauke da cutar, kamar mai faɗin farashin gero. Ta ce ta tambayi nas wace haihuwa ce, wace shekara, ta baki ce ko ta hannu, nas ta ce wannan sai Allah.

Baba ya yi kuka, sannan ya ce, "Yaya, don girman Allah, a bar shi a ɗakin nan. A ce sammu ne, a ce tarin fuka. Kin san bakin mutane."

"Na san shi. Amma ungozoma nawa ke ƙasar nan suna tsotsa da baki? In na yi shiru wa zai gaya musu?"

"Sunan gidanmu fa?"

"Sunana ne, ƙanena. Ni na ɗauke shi shekara sittin, bari in kashe shi inda zai yi amfani."

Sun yi mako biyu ba sa gaisawa sai da kai. Ita kuwa ta bi ungozomomin da ta sani ɗaya bayan ɗaya, har Wanke ta je tana tari, ta buɗe musu bakinta suka gani. Da haka gari ya sani. Waɗanda suka yi raɗa a gindin rumbu ba bincike suka yi ba, ita ta ba su labarin da hannunta.

Ta daina karɓar haihuwa. Ta ware rezarta da asuwakinta, amma kwanon tuwo ta ƙi rabawa. In na noƙe sai ta ce, "Ci, ke 'yar boko. Kwano bai kawo ta, ke kinka karanta mini." Wata rana ta kama yatsana ta ɗora a gefen wuyanta, na ji ƙulli-ƙulli kamar gujiya. Ta ce, "Kin ji gidan da anka kai baƙon." Daga baya farin abu ya rufe mata harshe, gudawa ta ƙi tsayawa, ƙananan cututtukan da da ba sa kwantar da ita suka yi ta shigowa, don masu tsaron sun ƙare. Haƙoran nan jajaye suka koɗe saboda ba ta iya tauna goro.

Saura kwana biyu ta rasu, ina ba ta koko da cokali, ta riƙe mini hannu.

"Buɗe bakinki."

Na buɗe. Idonta ba ya gani sosai, amma ta duba.

"Tsoro bai toshe zana, ɗiyata. In ta shiga ta shiga, in ba ta shiga ba kina kashe kanki a banza. Ki tafi Gusau."

"Zan je."

"Kin faɗi haka da girbi."

"Na yi alkawari, Goggo."

"Allah na ji," in ji ta, ta saki hannuna.

Da ta cika, matar da ta saba wankan gawa a unguwarmu ta aiko cewa bayanta ya riƙe. Inna, mahaifiyata, ta dubi matan da ke tsakar gida, kowa ta sunkuyar da kai. Maza na zaure suna jira da makara, rana tana ɗagawa. Sai ga dattijuwar nan ta ruga ta shigo da sandarta, ko zama ba ta yi ba. Ta dube ni ta ce, "Ke ɗiya, ina safar nan tata? Ba ni guda biyu."

Mu uku muka wanke ta, ni da Inna da ita, da ruwan ganyen magarya. Dattijuwar tana cuɗa mata hannu tana magana da ita ƙasa-ƙasa, rabi Fillanci rabi Hausa. Abin da na tsinta kawai shi ne, "Ga shi na sa, mai taurin kai. Kin ci."

Washegarin sadakar arba'in na ce wa Inna zan je Gusau duba sakamakon jarrabawa. Nas ɗin nan ce na tarar. Ta gane ni, ta tambayi Goggo, na faɗa mata, ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi. Na ba ta labarin jaririyar da asuwakin. Ta ce ta baki ba kasafai take kamawa ba, amma ba za ta rantse mini ba sai jini ya yi magana, kuma tunda an fi shekara, abin da gwajin ya nuna shi ne gaskiya. Ta ɗebi jinin ta ce in dawo bayan mako guda.

Ban san yadda na yi makon nan ba. Na zuba gishiri a kunu. Na yi sallar la'asar sau biyu.

Ranar da na koma, ta rufe ƙofa, ta zaunar da ni, ta ce, "Ƙanwata, babu. Jininki lafiya lau." Na ce ta sake faɗa. Ta sake. Ta ba ni ruwa na sha.

A mota na yi ta sauri a zuciyata, kamar in sauka in tura ta. Na sauka a bakin hanya, na ratsa gonaki da gudu-gudu, na wuce Inna tana tankaɗe ko gaishe ta ban yi ba, na tsaya a ƙofar ɗakin Goggo na yi sallama da ƙarfi.

Sai da na ji shiru sannan na tuna. Duk duniya mutum ɗaya ce ta san ina cikin wannan tsoro, ita kaɗai ce za ta san nauyin abin da na ɗauko, kuma na yi ta ja mata rai da girbi da salla har ta tafi ba ta ji ba.

Na shiga na zauna a kan tabarmarta. Jakarta tana rataye a ƙusa, albasa a ciki, na ɗaure ta da zare a jikin maratayin don kada a sake mantawa da ita. Na ce, "Goggo, zanar ba ta ɓule ba."

Ya Allah, kai ka ga inda ta sa bakinta da abin da ya sa ta sa shi. Ka yalwata mata kabarinta kamar yadda ta buɗe wa 'ya'yan mutane numfashi, ka wanke sunanta a bakin waɗanda ta wanke wa 'ya'ya, ka haɗa ta da nata huɗun da ba ta yaye ba.

Har yau harshena bai daina bin dasashina ba, ya saba. In na kama kaina ina yi, sai in ɗora hannu a kuncina na hagu. Shatin yatsunta kwana biyu kawai ya yi ya baje. Da na sani, da na roƙi Allah ya bar mini shi.